Binciken Rubutu ko Sa-ido Lokacin Aiki: Wanne Za Ka Sa a Gaba Wajen Tsare Kanel?

A ce kamfaninku ƙarami ne a Jidda, injiniyoyi uku ko huɗu, kuna haɗa na'urar karanta katin alhazai da ake kafawa a ƙofar otal ko a bakin motar safa a Makka. Allon na'urar mai farosesa nau'in arm64 ne, da memori giga ɗaya. Linux ɗin da ke kansa daga hannun mai sayar da allon ya zo, ku kuma kun ƙara direba guda na kanku, wato manhajar da ke sarrafa mai karanta katin, wanda bai wuce layi 3,000 ba. Saura wata huɗu a fara jigilar alhazai, kuma mutum ɗaya kaɗai za ku iya warewa ya kula da tsaro. Me zai sa a gaba: kayan da ke karanta rubutun manhaja su zaƙulo kuskure tun ba a kunna na'ura ba, ko kayan da ke zaune a cikin kanel suna sa ido yayin da yake aiki?

Tambayar ta fi nauyi a kanel fiye da ko'ina. Kanel shi ne zuciyar babbar manhaja: shi ke raba memori, shi ke magana da kayan ƙarfe, shi ke yanke hukuncin wa zai taɓa me. Manhaja ta yau da kullum in ta yi tuntuɓe ita kaɗai ke faɗuwa. Direba kuwa a cikin kanel yake zaune da cikakken iko, kuskuren layi ɗaya a cikinsa ya isa ya miƙa wa baƙo makullin gidan dungurungum.

Duk wanda ya saba bin hanyar Jidda zuwa Makka a daf da Hajji ya san bambancin hanyoyin nan biyu ko da bai taɓa rubuta manhaja ba. Akwai tantance takardu a ofis kafin a ba mutum izini, akwai kuma shingen Shumaisi inda ake duba wanda ya zo da ƙafarsa. Ofis yana ganin duk wanda ya nema, amma a takarda yake ganinsa. Shinge yana ganin mutum ido da ido, amma sai wanda ya biyo ta wannan hanyar.

Sai dai a kanel abin uku ne, ba biyu ba, kuma nan mutane suka fi ruɗewa. Akwai binciken rubutu. Akwai tarko, wato kayan sa-ido masu nauyi irin KASAN da ake kunnawa a na'urar gwaji don kama kuskure. Akwai kuma katanga, wato ƙananan dube-dube marasa nauyi da ake bari a kunne a na'urar da ke hannun jama'a don tare ɓarna. Tarko da katanga duka lokacin aiki suke yi, amma wanda ya ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya zai sha mamaki.

Abin da binciken rubutu ke gani

Kayan Linux uku ne na asali, duka kyauta. Sparse shi ne dattijonsu, Linus Torvalds ya fara shi a 2003. Aikinsa bin alamomin da aka sa wa manuni, wato masu riƙe da adireshin memori: `__user` ga adireshin da ya fito daga manhajar waje, `__iomem` ga memorin na'ura, `__le32` da 'yan uwansa ga jerin bayit. In ka karanta adireshin mai amfani kai tsaye ba ta `copy_from_user` ba, zai yi ƙara. Smatch na Dan Carpenter a kan Sparse aka gina shi, amma ya fi shi zurfi, domin yana bin kowace lamba ya san daga nawa zuwa nawa za ta iya kaiwa, da kuma ko daga hannun mai amfani ta fito. Coccinelle, wanda Julia Lawall ke jagoranta a cibiyar Inria ta Faransa, salo yake nema: ka kwatanta masa siffar kuskure sau ɗaya, ya nemo maka ita a duk inda take, har ya rubuta facin, wato gyaran rubutun.

Kunna su ba ya cin rana guda. `make C=2 drivers/kati/` zai sa Sparse ya bi fayilolin direbanku duka, `C=1` kuwa waɗanda aka sake ginawa kaɗai. Smatch da umarni iri ɗaya ake kiransa, a ƙara `CHECK="smatch -p=kernel"`. Coccinelle kuma `make coccicheck MODE=report M=drivers/kati`. A haɗa da `W=1` don kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da rubutu yaren na'ura, shi ma ya faɗi nasa. Wani abu da ake yawan tsallakewa shi ne gina rumbun bayanan Smatch da `build_kernel_data.sh`. Yana cin awoyi, amma in babu shi Smatch bai san abin da ke faruwa a wajen fankishin ɗin da yake dubawa ba, kuma duk sake ginawa yana ƙara masa sanin wa ke kiran wa.

Ga irin naman da suka fi iya kamawa:

```
int tsawo = nema.tsawo;
char buhu[64];

if (tsawo > 64)
        return -EINVAL;
if (copy_from_user(buhu, nema.adireshi, tsawo))
        return -EFAULT;
```

A ido komai lafiya, an duba tsawo. Amma `tsawo` lamba ce mai iya yin ƙasa da sifili. Mai mugunta ya aiko da -1, ta wuce dubawar cikin ruwan sanyi tunda ba ta fi 64 ba, sannan a wurin kwafi a karanta ta a matsayin lamba marar alamar ragi, ta zama 18,446,744,073,709,551,615. Mai gwaji na yau da kullum zai aika 16, 32, 64, in ya yi ƙoƙari 65. Ba wanda ke tuna -1. Smatch kuwa ya san lambar daga waje ta zo kuma ba a yi mata iyaka ta ƙasa ba, ya faɗi sunan fayil da lambar layi. Gaskiya ne `copy_from_user` na sababbin kanel yana ƙin irin wannan tsawo da kansa, wannan katanga ce ke nan. Da `memcpy` ne zuwa wurin da kwamfaila bai san girmansa ba, babu mai tsayar da shi.

Inda binciken rubutu ya yi wa kowa zarra shi ne hanyoyin fita bayan gazawa. Direba ya kulle kwado, wato abin da ke hana wani taɓa wuri ɗaya tare da shi, ya nemi memori, bai samu ba, ya koma bai buɗe kwadon ba. Ko ya sallami wuri ɗaya sau biyu saboda an rikita jerin `goto`. Wannan reshen sai memori ya ƙare ake takawa, wataƙila sau ɗaya a shekara, wataƙila ranar Arfa da na'ura ta fi shan aiki. Ga mai karanta rubutu kuwa reshen da ake bi sau miliyan da wanda ba a taɓa bi ba duk ɗaya ne.

Rauninsa daga tushe yake. Tun 1953 masanin lissafi Henry Rice ya tabbatar da cewa babu wata manhaja da za ta iya karanta kowace irin manhaja ta faɗi halinta daidai ba kure. Don haka dole mai ƙera kayan ya zaɓa: ko ya cika ka da ihun ƙarya, ko ya yi shiru a kan wasu kurakurai na gaske. Kayan kanel sun fi karkata ga shiru don mutane su iya amfani da su, saboda haka rahoto fari tas ba shaidar lafiya ba ce. Duk da haka ihun ƙaryar da ya rage yana da yawa, musamman a kanel ɗin mai sayar da allo. Dabarar ita ce a ajiye rahoton farko a matsayin ma'auni, a share na babban fayil ɗinku har ya koma sifili, daga nan kowane sabon faci a duba abin da ya ƙaru kaɗai. Wanda ya bar gargaɗi ɗari huɗu jibge, na ɗari huɗu da ɗaya ba zai gan shi ba, kuma wataƙila shi ne na gasken.

Wata matsala ita ce saiti. Sparse da Smatch abin da aka gina kaɗai suke gani. In ka gudanar da su da saitin x86 na kwamfutarka alhali na'urar arm64 ce, duk abin da ke cikin `#ifdef` na arm64 ya wuce ba a duba ba. A sa `ARCH=arm64` da ainihin `.config` na na'urar. Coccinelle ya tsira daga wannan domin yana karanta rubutu yadda yake, kafin a tace shi.

Babban makantarsa kuwa lokaci ne. Kanel cike yake da kira ta hanyar manuni, kuma abubuwa da yawa suna gudana lokaci guda a kan farosesa daban-daban. Wa ya riga wa, rubutu ba ya faɗa. Akwai waɗanda suka kai binciken rubutu ƙarshensa: a 2009 masana a Ostareliya suka tabbatar da ingancin kanel ɗin seL4 ta hanyar lissafi. Amma layin C kusan 8,700 ne, hujjar kuma ta ci layi wajen 200,000. Linux ya haura layi miliyan 30. Wannan ba hanyar kamfanin mutum huɗu ba ce.

Tarko

Mu koma kan mai karanta kati. A ce ta USB yake haɗe. Kati ya taɓa shi, direba ya tsara wani ɗan aiki da za a yi bayan ɗan lokaci. Kafin lokacin ya yi, motar ta faɗa rami, wayar ta zare. Fankishin ɗin cirewa ya sallami memorin na'urar da `kfree`. Can ɗan aikin ya farka ya karanta wurin da aka riga aka sallama. A kanel na yau da kullum sau da yawa ba abin da zai faru a take, domin tsohon bayanin yana nan. Sai ranar da wani ya riga ya karɓi wurin. In mai mugunta ne ya karɓa ya cika shi da abin da yake so, ya samu ƙofa. Kowane layi shi kaɗai daidai yake, jerin faruwarsu ne ya karkace, shi ya sa binciken rubutu ke yawan wucewa ta kansa.

KASAN, wanda ya shiga Linux 4.0 a 2015, don wannan aka yi shi. Kowane bayit 8 na memori yana da bayit 1 na inuwa da ke cewa halas ne a taɓa ko a'a. Kwamfaila yana cusa dubawar inuwar nan kafin kowane karatu da rubutu. Ana kewaye kowane yanki da jan layi, wanda aka sallama kuma a killace shi na wani lokaci maimakon a ba wani nan take. Da zarar ɗan aikin nan ya taɓa wurin, `dmesg`, wato littafin saƙonnin kanel, zai nuna layin da ya fara da `BUG: KASAN`, sannan sawu uku: inda aka taɓa, inda aka karɓi wurin, inda aka sallame shi. A wuce da rahoton ta `scripts/decode_stacktrace.sh` ya koma sunan fayil da layi. Gyaran sau da yawa layi ɗaya ne, `cancel_work_sync` kafin `kfree`. Nan tarko ya fi binciken rubutu daɗin aiki: ba ya cewa mai yiwuwa, abin ya faru ne a gabansa. Gani ya kori ji.

Kuɗinsa kuma ba kaɗan ba. Inuwar tana cin kashi ɗaya cikin takwas na memori, mega 128 ke nan a allo mai giga ɗaya, giga 2 a saba mai giga 16, ban da jan layi da killacewa. Gudu yana raguwa kusan ninki uku. Yana kuma da nasa makantar. Ambaliya daga wani sashe zuwa wani a cikin tsari guda ba ta taɓa jan layi, don haka a haɗa da `CONFIG_UBSAN_BOUNDS`. Abin da na'ura ta rubuta a memori da kanta ta DMA ba ya bi ta kwamfaila, KASAN bai san an yi ba. Kuma, a riƙe wannan da kyau, a saitinsa na asali yana ba da rahoto ne ya bar aikin ya ci gaba. Mai shaida ne, ba mai gadi ba. Wanda ya tura kanel mai KASAN zuwa na'urorin jama'a da sunan tsaro ya sayi nauyi kawai.

Sauran tarkunan kowanne da namansa. KCSAN, daga 5.8, yana kama rige-rigen farosesa biyu a kan wuri ɗaya. KMSAN, daga 6.1, yana kama amfani da memorin da ba a zuba masa komai ba, wanda ta nan sirrin kanel ke yoyo zuwa waje. Da kwamfailan Clang yake aiki, kuma a x86 aka fara shi, don haka mai allon arm64 sai ya gina ɓangaren direban da bai dogara da ƙarfe ba ya gwada a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta. KASAN da KCSAN da KMSAN ba sa zama a gini ɗaya, kanel uku za ku gina. Lockdep, aikin Ingo Molnar tun 2006, shi ne mai wayo a cikinsu: yana haddace jerin kulle kwaduna, in ya ga an kulle na farko sannan na biyu a wani wuri, a wani wurin kuma aka juya, zai yi ƙara ko da cushewar ba ta taɓa faruwa ba. Amma bayan rahoto ɗaya yana kashe kansa. In kanel ɗin mai sayar da allo yana jawo gargaɗi tun wajen tashi, na direbanku ba zai taɓa fitowa ba, ku ɗauka lafiya. KASAN ma rahoton farko kaɗai yake bugawa sai an sa `kasan_multi_shot` a layin tashi.

Tarko kuma ba ya farauta, sai an koro masa nama. Mai korar shi ne syzkaller, wanda Dmitry Vyukov ya fara a Google a 2015: yana jefa wa kanel kiraye-kiraye barkatai, yana duba ta `CONFIG_KCOV` wanne ne ya taka sabon wuri, ya ci gaba daga nan. Aikin gaske a nan shi ne rubuta masa bayanin `ioctl` ɗinku, wato lambar umarni da siffar bayanan da kowanne ke karɓa. In ba a yi ba zai kwana yana buga ƙofa ana mayar masa da `-EINVAL`, wato an ƙi kiran, rahoto ya fito babu kuskure, alhali ko zaure bai shiga ba. A duba kason layukan direban da aka taka, kada a duba awoyin da ya yi yana gudu. Ga USB akwai `raw-gadget` da `dummy_hcd` da ke kwaikwayon na'ura a cikin QEMU, a sa a zare sau dubbai ba tare da taɓa waya ba. Hanyoyin gazawa ma ana iya tilasta su da `failslab`, wanda ke sa neman memori ya gaza da gangan.

Katanga, da KFENCE da ke tsakani

Abin da ke tafiya da na'ura zuwa Makka daban ne. Tun da Kees Cook ya kafa shirin kare kai na kanel a 2015 an tara zaɓuɓɓuka masu arha a kan `STACKPROTECTOR_STRONG` da ya riga shirin zuwa: `HARDENED_USERCOPY` daga 4.8, `FORTIFY_SOURCE` daga 4.13, `SLAB_FREELIST_HARDENED`, sai `init_on_alloc=1` daga 5.3 wanda ke share wuri kafin a ba da shi, nauyinsa a yawancin ayyuka bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ɗan uwansa `init_on_free` ya fi tsada, kashi 3 zuwa 5, a auna kafin a yanke. Ba sai an bi su ɗaya-ɗaya da hannu ba: kernel-hardening-checker na Alexander Popov zai karanta saitinku ya jera abin da ya rage, LKDTM kuma zai tsokani kowace katanga a na'urar gwaji don a ga da gaske tana tsaye.

Misali ɗaya ya isa nuna yadda katanga ke tunani. A Janairun 2016 aka bayyana ɓaraka mai lamba CVE-2016-0728 a sashen makullan kanel: wani ma'ƙirgi mai bit 32 yana ƙaruwa ba ya raguwa, bayan kira 4,294,967,296 ya zagayo sifili, kanel ya ɗauka babu mai amfani da abin ya sallame shi. Wajen rabin awa ake buƙata a kwamfuta mai ƙarfi. Maganin da ya zo a 4.11 shi ne `refcount_t`, wanda in ya kai ƙololuwa sai ya maƙale ya ƙi zagayowa. Kuskuren yana nan, amma ya koma asarar ɗan memori maimakon ƙwace na'ura. Sai dai in direbanku da `atomic_t` yake ƙirga, katangar ba ta shafe shi ba. Mai nemo irin waɗannan wuraren kuwa Coccinelle ne, da `atomic_as_refcounter.cocci` da ke cikin kanel. Wato binciken rubutu ne ke nuna inda za a ɗora katanga.

KFENCE, daga 5.12 a 2021, tarko ne da aka rage wa nauyi har ya iya zama a na'urar jama'a. A saitin asali, kowace milisakan 100 yana ɗaukar yanki guda ya ajiye shi a shafi nasa tsakanin shafuka biyu da aka haramta. Gurbi 255 ne, jimillar memorin mega 2. A na'ura ɗaya da wuya ya dace da kuskurenku. Amma samfur 10 a daƙiƙa na iya kaiwa 864,000 a yini, a ninka da na'ura 500 da mako shida, kuskuren da ke faruwa a zahiri zai faɗa. Amfaninsa ya dogara da tattara rahoto: in babu mai kwaso `dmesg` zuwa saba, tarkon ya kama nama ya ruɓe a daji. A leƙa `/sys/module/kfence/parameters/sample_interval`, in sifili ne a kashe yake.

Shawarar da ta fi wuya ba ta fasaha ba ce. In katanga ta gano ɓarna, na'ura ta mutu ko ta ci gaba? `panic_on_oops=1` tare da `panic=10` yana nufin ta tsaya ta sake tashi bayan daƙiƙa goma, wanda ya hana mai kai hari sake gwadawa a kan kanel da ya riga ya gurɓata. Farashinsa shi ne duk wanda ya san yadda ake tsokanar kuskuren ya samu maɓallin kashe na'urarku. A Hajjin 2024 alhazai sun haura miliyan 1.8, ƙofar da ta tsaya minti biyu a irin wannan cunkoso ba ƙaramin abu ba ne. A ganinmu `panic_on_oops` ya cancanta, `panic_on_warn` kuwa a bar shi a ɗakin gwaji, domin gargaɗi marasa haɗari sun yi yawa a kanel ɗin 'yan kasuwa.

Inda kowanne ya taɓa cin amana

Ranar 19 ga Yulin 2024 kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 suka faɗi saboda direban kamfanin tsaro na CrowdStrike. Bayanin da kamfanin ya fitar da kansa ya ce an tsara filin bayanai 21, aka kawo 20, direba ya karanta na 21 a wajen iyaka. Cikin gyare-gyaren da ya lissafa akwai duba yawan filayen lokacin gini, da kuma duba iyaka lokacin aiki. Ko ɗaya daga ciki da ya isa, duka biyun babu.

Ɓarakar farosesa ta Spectre a Janairun 2018 ta nuna dubawar lokacin aiki ma ana zagaye ta: farosesa yana yin gaba bisa hasashe ya karanta wajen iyaka kafin sakamakon `if` ya fito. Smatch aka koya wa nemo irin wuraren a rubutu don a sa musu `array_index_nospec`. Ta ɗaya ɓangaren, mai tantance eBPF, wato ƙananan shirye-shiryen da ake turawa su gudu a kanel, binciken rubutu ne da ke zaune cikin kanel, in ya ce shiri lafiya sai a sake shi. Da ya yi kuren lissafin iyaka a CVE-2020-8835, kurensa ya zama ƙofar kanta. Shi ya sa ake sa `kernel.unprivileged_bpf_disabled` don hana marasa izini amfani da eBPF.

Akwai kuma waɗanda suka fi ƙarfin duka biyun. Kuskuren da ake kira Dirty COW ya kwana a kanel daga 2007 zuwa Oktoban 2016. Dirty Pipe na 2022 tsohuwar alama ce da aka manta ba a share ba a wurin da ake sake amfani da shi. Ba a ƙetare iyaka ba, ba a taɓa abin da aka sallama ba, tarkon memori ba shi da abin kamawa. Max Kellermann ya gano shi ne ta bin sawun fayilolin da ke lalacewa. Nan Saudiyya kuma ba a manta harin Shamoon ba, wanda a Agustan 2012 ya shafe kwamfutoci kusan 30,000 na Aramco. Direban da ya yi amfani da shi wajen rubutu kai tsaye a kan faifai, RawDisk na EldoS, halastacce ne mai sa hannu, aikin da aka yi shi dominsa ya yi. Maganin wannan taƙaita wanda zai iya loda direba ne: a Linux, `MODULE_SIG_FORCE` da makullin ku na kanku, ko `kernel.modules_disabled=1` bayan an gama tashi.

To, wa zai ɗauki wanne

In ba ku rubuta komai a kanel ba, saba kawai kuke kula da su a Riyad ko Dammam da Ubuntu ko Red Hat, wannan muhawarar ba taku ba ce. Ku riƙa ɗora faci a kan kari, ku duba saitin katanga, ku kashe abin da ba ku amfani da shi. Ƙa'idojin da hukumar tsaron intanet ta Saudiyya ta fitar a 2018 ma kula da ɓaraka da sabunta manhaja suna cikin abin da suka nema.

In direba ya zo muku a dunƙule ba rubutu, binciken rubutu ya fita, KASAN ma ba zai ga cikinsa ba tunda ba a gina shi da shi ba. KFENCE kuwa da haramtattun shafuka yake aiki, ba ruwansa da wanda ya gina. Kafin komai a buga `uname -r`. In 4.19 ya fito, babu KFENCE, kuma masu kula da kanel sun daina ba shi faci tun ƙarshen 2024. A nan neman sabon kanel daga mai sayar da allo ya fi duk wani bincike da za ku yi. Masu direban Windows su ma rabon ɗaya ne: CodeQL a kan rubutu, `verifier /standard /driver` a na'urar gwaji.

Ga kamfanin Jidda da wata huɗunsa, mako na farko na binciken rubutu ne, ba don ya fi ba, sai don ya fi arha kuma yana share ƙananan kurakuran da za su cika tarko da hayaniya. A ɗaura shi a kan kowane faci ya riƙa gudu da kansa, daga nan ba ya cin lokacin kowa. Mako na biyu a gyara saitin katanga, a kunna KFENCE, a kafa `ramoops` don rahoton mutuwa ya tsira bayan sake tashi. Sauran lokacin, wajen wata uku, na tarko ne: kanel mai KASAN da lockdep da UBSAN, wani mai KCSAN, bayanin syzkaller da aka rubuta da haƙuri, da allo biyu ko uku na gaske da ake zare wa waya ana mayarwa dare da rana. Kurakuran da ake ƙwace na'ura da su a direba irin wannan galibi na lokaci ne, kuma nan kaɗai suke fitowa. Duk wanda tarko ya kama, a tambaya ko siffarsa za ta rubutu a Coccinelle, a nemo 'yan uwansa a sauran fayiloli.

Mako uku kafin a fara jigilar alhazai a daina taɓa rubutu. A ɗauki na'ura guda daga cikin waɗanda za a kafa, a kashe kanel ɗinta da gangan da `echo c > /proc/sysrq-trigger`, a riƙe agogo a ƙirga daƙiƙa nawa kafin ta sake karanta kati. In ta wuce abin da layin mutane zai jure, a rage jiran `panic`, a rage abin da ke tashi kafin direban, a kuma tabbatar ma'aikacin da ke bakin ƙofa yana da hanyar buɗe ta da hannu.